Gurbin da ke Gefen Sittana

"Ya kai nawa yanzu?"

Muryar Baba Mainasara ce ta ratso ta naffaj, 'yar ƙofar nan da aka fasa a jikin katangar da ta raba gidansa da na Awadiyya. Karo na huɗu ke nan da ya yi tambayar tun safe. Awadiyya ta dubi fuskar laftof ɗin da ke kan cinyarta, ta ga lambar da ta bari kafin ta sauke shayi da ƙyar ta gusa.

"Dubu biyu da ɗari uku, Baba."

"Cikin nawa kika ce?"

"Cikin dubu tara da ɗari ɗaya."

"Na Sittana ya zo?"

"Bai zo ba tukuna."

Ta ji igiyar angareb ɗinsa, gadon nan na saƙar igiya, ta yi ƙara, ta san ya juya ne ya ba katanga baya. Tun da ciwo ya kwantar da shi ya sa aka jawo masa gadon ƙarƙashin rumfa, dab da naffaj, don ya riƙa jin motsin aikin da kunnensa.

Shekara talatin Baba Mainasara ya yi yana haƙa kabari a maƙabartar da ke bakin unguwarsu, can yammacin Umdurman, ba tare da wani ya ɗauke shi aikin ba. Ya baro gonakin audugar Jazira da ƙarfinsa, ya yi dako, ya yi gadi, amma duk ranar da aka yi rasuwa a cikin Hausawan unguwar shi ne farkon mai saɓa diga. Da ɗansa Salih ya aiko masa da kyamara da kwamfuta daga Jidda, mutane sun zaci hotunan biki zai riƙa ɗauka. Ina! Tsohon nan ɗan allo ya samo da alli. Duk wanda aka binne, sai ya rubuta sunansa a allon, ya rubuta nisan kabarin daga tankin ruwan maƙabarta, sanda kaza gabas, sanda kaza kudu, da sandarsa yake aunawa. Ya jingina allon a kan tudun, ya ɗauki hoto biyu ko uku, ya dawo gida ya zuba a kwamfuta. Bai taɓa sa wa hoto suna ba, bai taɓa ware su shekara-shekara ba. Duk a tuli guda suke, kowanne da lambar da kyamara ta ga dama ta ba shi.

An yi masa dariya har aka gaji. Dariyar ta ƙare ne a damina uku da suka wuce, da ruwa ya kwanta kwana tara a ɓangaren kudu, ya baje tudun kaburbura, ya tafi da 'yan gwangwanayen da ake rubuta suna a jiki. Matarsa Sittana tana cikin wannan ɓangaren. Ranar da ya binne ta ya bar wa kansa gurbi a gefenta, kuma tun daga ranar bai roƙi 'ya'yansa komai ba sai abu ɗaya, in ta Allah ta yi a kwantar da shi a nan. Salih yana Jidda lokacin da uwar ta rasu. Khadiga, 'yar autarsa, da shi take zuwa ziyara, tana bin bayansa ne kawai ba ta ƙirga komai. Wurin yana cikin ƙafar tsohon da kansa, sai kuma cikin hoto ɗaya a tulin nan.

Yanzu ƙafar ba ta takawa. Ƙodarsa ta gaza, wankin ƙodar da ake yi masa a asibiti sau biyu a mako ya tsaya tun bayan ƙaramar Salla, da sojoji suka cika tituna aka rufe hanyoyi. Kwamfutar ma ta zaɓi lokacin ta makance. Tana tashi, fankarta tana juyawa, amma ko wane allo aka jona mata ba ta nuna komai, cikinta kuma yana ta ƙas-ƙas. Abin da ya rage shi ne wata manhaja da Awadiyya ta saka masa bara, wadda ke kwafe fayiloli da kanta daga kwamfutarsa zuwa laftof ɗinta ta rauta, 'yar na'urar wayfai da gidajen biyu ke amfani da ita. Bara ɗin ta kashe ta a nata ɓangaren don ba ta da wuri, ta ce sai ta samu sarari. Sai yanzu ta samu sararin.

Hukuma ta yanke intanet a ƙasar, amma wannan aikin ba ruwansa da intanet, tsakanin gida da gida ne. Ga katanga, ga ƙofa a buɗe, taku goma sha biyar. Aikin da bai kamata ya wuce rabin yini ba, ga shi an shiga kwana na uku. Manhajar kuma ba ta bin layi, duk hoton da ta ci karo da shi take ɗaukowa, dole Awadiyya ta buɗe kowanne ta karanta allon.

Ita kuwa ba baƙuwar kwamfuta ba ce. Shekara goma sha ɗaya tana buga wa ɗalibai takardu a wani shago a Khartum, kuma a unguwar nan ko waya ce ta ƙi kunnuwa gidanta ake kawowa. Tana jin daɗin hakan, ba ta ɓoyewa. Don haka abin ya tsaya mata a wuya ta fuska biyu.

Ta fara da wayoyin maƙwabta. Rabin layin sun san kalmar sirrin rautarta, wayoyinsu na maƙale da ita duk da babu abin da suke samu. Ta shiga saitin rautar ta toshe wayoyin, ta kore su duka. Babu canji. Ta sauya tashar da rautar ke magana a kai, ta gwada ta ɗaya, ta shida, ta goma sha ɗaya. Ta kashe duk wata manhaja da ke laftof ɗin. Ta goge hotunan bikin ƙanwarta don ta ƙara wuri. Lambar gudun tana nan inda take, kilobait hamsin, sittin, wani lokaci ta faɗo sifili ta tsaya tana kallon ta.

Ta kira Jibrin, mai gyaran da shagonsu ke kai wa aiki, yana can Bahri a ƙetaren kogi.

"Ki jona su da waya mana, ya Awadiyya."

"Ramin wayar ya ƙone tun bara."

"To ki ciro faifan... a'a, tsaya. Kin ce yana ƙas-ƙas?"

"Kamar ana tauna gyaɗa."

"Kada ki taɓa shi. Kada ki ɗaga ta, kada ki girgiza ta. Ni ba ni da hanyar zuwa, gada a rufe take. Gaya mini, akwai wani abu tsakanin rautar da kwamfutar? Firji, ƙofar ƙarfe, kwanon rufi?"

Ta ɗaga kai ta duba tsakar gidanta. "Babu komai. Katangar ƙasa ce, ƙofar ma a buɗe."

"To wallahi ban sani ba. Ƙila zafi ne. Shabaka ma, ita sadarwar kanta, tana jin zafin nan."

Maganar zafin ta zauna mata, domin ta lura da yamma gudun yakan ɗan ɗaga, da safe ya faɗi. Tun watan Afrilu, da rautar ta fara mutuwa da tsakar rana, ita da kanta ta tura ta lungun da ya fi ko'ina sanyi a gidan, bayan randunan ruwa uku da ke jere a kan mazauninsu na ƙarfe. Yanzu sai ta ƙara himma. Ta jiƙa tsumma ta shimfiɗa a ƙarƙashinta. Randunan da take cikawa sau ɗaya da asuba, ta koma cika su sau uku a yini, fal har baki, don lungun ya ƙara sanyi. Daga ranar ɗan saurin yamman ma ya ɓace. Ta ce a ranta faifan ne ke ƙarasa mutuwa.

Rana ta huɗu bayan la'asar Khadiga ta leƙo ta naffaj.

"Yaya Awadiyya, Baba na kira."

Ta same shi an jingina shi da filo, ƙafafunsa sun kumbura har fata na sheƙi. Ta durƙusa a gefen gadon.

"Sannu, Baba. Yaya jikin?"

"Alhamdu lillah. Zauna, ɗiyata." Ya ɗan huta. "Tun jiya nake nemansa a kaina. In na kama na gabas sai na kudu ya kuɓuce. Ɗazu na ce wa Khadiga arba'in, da na sake tunani sai na ga na Malam Ɗantani ne, ba nata ba."

"Kada ka wahalar da kanka. Hoton zai zo."

"Mutum dubu uku na kwantar da hannun nan, ban taɓa ɓatar wa kowa da nasa ba. Mace ta zo bayan shekara ashirin ta ce ina ubanta, in kai ta in tsayar. Yau tawa matar ta ɓace mini." Ya dube ta, idanunsa sun yi rawaya. "Na ce mata zan zo. A gaban mutane na faɗa, ina cikin ramin."

"Insha Allah a gefenta za ka kwanta, amma ba yanzu ba. Ka ba ni kwana biyu kawai."

"Kwana biyu," in ji shi, ya yi ɗan murmushi. "Ke ma kin koyi maganar masu gyara."

Ta yi dariya don ya ji daɗi. Da ta koma gida ta ga lambar a dubu uku da ɗari takwas, sai tsoro ya kama ta sosai. Ta ɗauki bokiti ta sake cika randunan.

Washegari, rana ta ɗan ɗaga, tana shanya kaya ta ji Khadiga ta ƙwala salati. Ba ta buƙaci a gaya mata ba. Ta saki rigar da ke hannunta a ƙasa ta shige ta naffaj.

Kafin sa'a guda gidan ya cika. Mata suka mamaye tsakar gida, maza suka shimfiɗa tabarmi a inuwar waje. Aka shigar da mamacin ɗakinsa don wanka, ɗakin da kwamfutar take ciki. Sai aka tarar famfo ya ɗauke tun asuba, ko ɗigo babu. Salih, wanda ya dawo daga Jidda tun da ciwon ya tsananta, ya leƙo yana tambayar ruwa, wata ta ce ai randunan Awadiyya kullum a cike suke. Mata uku suka jera ta naffaj da bokitai, suka kwashe randa ta farko, suka kwashe ta biyu, ta ukun ma suka karkata ta har ƙasa.

Awadiyya ta shiga gida ɗauko mayafi mai kauri. Laftof ɗin yana kan kujera a buɗe, kuma ido ya riga ya saba, ta kalla ba da niyya ba. Ta tsaya. Lambar da kwana biyar take jan ciki tana gudu, hotuna suna faɗowa bi da bi, huɗu, biyar, kafin ta ƙifta ido. A ƙasa an rubuta saura sa'a uku.

Ta dubi laftof, ta dubi randunan da ke tsaye babu komai a cikinsu, ta hangi fitilar rautar tana ƙyaftawa ta tsakaninsu. Ta tuna tambayar Jibrin. Ta tuna amsar da ta ba shi tana kallon randunan nan da idonta. Ruwa ne ya tare hanya, randa uku cike fal, kuma ita ce ta yi ta ƙara shi da hannunta safe da rana da yamma. Ta zauna a ƙasa. Kukan da ta yi a nan ba irin na matan da ke ƙetaren katanga ba ne, nata da haushin kanta a ciki.

Ba ta daɗe ba ta miƙe. Ta fizgo rautar daga lungun, ta ja wayar wutarta iya tsawonta, ta ɗora ta a bakin naffaj a kan kifaffen kwano. Sa'a ukun ta koma biyu da rabi. Ta aika a kira mata Salih.

Ya zo hannayen rigarsa a naɗe, a jiƙe.

"Al-baraka fikum, Salih. Allah ya jiƙan Baba."

"Amin. Mene ne?"

"Na gano abin da ya hana. Yanzu yana gudu. Ka ba ni zuwa la'asar, zan ba ka wurin Inna Sittana."

"Masu haƙa sun tafi tun ɗazu."

"Ka kira su su dakata."

"Su dakata a ina? Kin san zafin da ake yi? Kin san halin da jikinsa yake ciki?" Ya sassauta murya. "Liman ya ce da an yi azahar za a fita. Motocin sojojin nan suna yawo, ba wanda ke son yamma ta same shi a hanya da makara. Mutane sun bar iyalansu sun zo."

"Abu ɗaya ya roƙa, Salih."

"Kina tsammanin ban sani ba? Ni ya fara roƙa." Ya share fuska da hannu. "Kwana biyar, ya Awadiyya. Kwana biyar kina cewa gobe."

Ya ce in hoton ya zo kafin a sa shi, ta kira, ko an gama haƙa zai sa a sake wani. Ya koma ciki.

Ta zauna a bakin naffaj tana buɗe hotuna da sauri, allo bayan allo, sunayen mutanen da ta sani da waɗanda ba ta sani ba. Matan da ke wucewa da tiren shayi suna kallon ta, wata tsohuwa ta ce a fili yau ma ba za a ajiye abin nan ba. Ba ta ɗaga kai ba. Dubu biyar. Dubu shida da ɗari biyu. Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata fankar rumfa ta rage gudu ta tsaya.

"Kahraba ta tafi, an ɗauke wuta," in ji wata.

Aka yi azahar. Aka fito da shi a kan angareb ɗinsa, an lulluɓe, maza suka ɗauka. Awadiyya tana tsaye cikin mata har salatinsu ya sha kwana.

Wutar ba ta dawo ba sai ƙarfe biyu da rabi. Ta ruga ɗakin, ƙasansa har yanzu da danshi da ƙanshin turare. Ta danna maɓallin kwamfutar, fanka ta juya ta tsaya. Ta sake. Khadiga ta shigo ta tsaya a bayanta, ta ce Baba yakan riƙe shi ne ya ƙirga biyar. Ta sa yatsanta ta riƙe. A karo na bakwai faifan ya yi ƙas-ƙas ya kama.

Su biyu suka zauna a kan tabarma, kai da kai. Dubu bakwai. Dubu bakwai da ɗari biyar. Ana kiran la'asar a masallacin layi Khadiga ta damƙe mata hannu.

"Koma baya. Wancan."

Ga allon, ga rubutunsa mai karkata. Sittana 'yar Adam. Sanda talatin da ɗaya gabas da tanki, goma sha tara kudu. A ƙasa ya ƙara layi biyu da ƙananan haruffa: akwai jan bulo a binne wajen kanta, na hagu nawa ne.

Awadiyya ta kira Salih. Sau biyu ba ta shiga ba, ta uku ya ɗauka. Tana jin iska da ƙarar shebur.

"Ya zo, Salih! Talatin da ɗaya gabas..."

"Khalas, Awadiyya," in ji shi a hankali. "Mun rufe. Addu'a ake yi."

Ta sauke wayar. Khadiga ba ta tambaye ta ba, ta ji. Hotuna suna ta faɗowa ba mai kallo.

"Laifina ne," in ji Awadiyya. "Ba faifan ba ne, ba zafi ba ne. Randunana ne suka tare shi. Ni na ajiye ta a can, ni na yi ta cika su. Da tun ranar farko an gama."

Khadiga ta dube ta. Ba ta ce mata "ba komai" ba, kuma Awadiyya ta gode mata a zuci da ba ta faɗa ba.

"Ruwan da aka yi masa wanka da shi?"

"Shi."

Khadiga ta jawo mayafinta ta rufe fuska. Daga ƙarƙashinsa ta ce, "Kada ki gaya wa Salih yanzu."

Rana ta huɗu da rasuwar, bayan an naɗe tabarmin makoki, suka samu mai raksha, keken haya mai ƙafa uku, ya yarda ya kai su da sassafe. Ya bi ta lunguna yana kauce wa duwatsun da aka tare manyan hanyoyi da su. Khadiga ta riƙo sandar ubanta da jarka ɗaya ta ruwa. Maƙabartar ba kowa. Ɓangaren kudu fili ne shimfiɗaɗɗe, ba ka cewa akwai mutane a ƙarƙashinsa.

Suka fara daga gindin tanki. Khadiga tana kwantar da sandar, Awadiyya tana sa ƙafa a inda ta ƙare, suna ƙirgawa tare. Talatin da ɗaya. Suka juya kudu, goma sha tara. Awadiyya ta durƙusa ta soma tona da yatsu. Ba ta yi nisa ba farcenta ya ci karo da abu mai tauri, ta share yashin, gefen jan bulo ya bayyana.

Khadiga ta yi wa uwarta sallama. Ta ɗaga hannu ta yi addu'a mai tsawo, Awadiyya tana amsawa. Hagu da bulon fili ne daidai tsawon mutum, wata 'yar ciyawa ta bushe a tsakiyarsa. Ba wadda ta taka shi a cikinsu.

"Ina Salih ya ce sun sa shi?" in ji Awadiyya.

Khadiga ta nuna da haɓa. Can arewa, kusa da katangar maƙabarta, akwai sababbin tudu guda biyar a jere, ƙasarsu ba ta gama bushewa ba. Daga nan ba a iya bambanta su.

Ta buɗe jarkar, ta yayyafa rabi a kan uwarta, yashi ya shanye nan take. Ta rufe, ta ɗauki sauran, ta miƙa wa Awadiyya sandar.

"Ki tsaya a nan, kada wurin ya sake ɓace mana."

Ta nufi arewa, jarkar tana dukan ƙafarta, tana ƙirga takunta a fili. Awadiyya ta tsaya a gefen bulon tana sauraro. Ta ji ta har tamanin da wani abu, daga nan iska ta ɗauke muryar, Khadiga kuwa ba ta kai rabin hanya ba.